Miskili Ne Ko Mai Otizim? Yadda Ake Tantance Taurarin Littafi da Fim

Duk wanda ya saba karanta littattafan soyayya na Hausa ya san wani irin jarumi da marubuta suke ji da shi, wato miskili, wanda magana take yi wa wuya, dariyarsa sai an yi da gaske, kuma idan aka gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai ya wuce. Haka nan mai kallon finafinan Indiya da na Amurka ya sha cin karo da wani nau'in tauraro na daban, mai kaifin lissafi, wanda ba ya haɗa ido da mutane kuma ba ya gane ba'a. Tun da sanin lalurar otizim ya fara yaɗuwa, masu karatu da masu kallo suka shiga tambayar ko irin waɗannan taurari suna ɗauke da ita. Tambayar tana da muhimmanci, domin mutane da dama a fim suka fara ganin lalurar kafin su ji bayaninta daga bakin likita, sai dai ana yawan amsa ta da garaje, a ga alama guda a yanke hukunci. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun fi kiran lalurar da sunan galahanga, amma da yake a bakin jama'a wannan kalma takan haɗa lalurori daban-daban da ke shafar girman yaro da fahimtarsa, a nan za a tsaya kan kalmar otizim don kada zance ya cakuɗe.

A fara da sanin mudun da ake awo da shi

A shekarar 1943 ne likitan ƙwaƙwalwa Leo Kanner, wanda ke aiki a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a Amurka, ya wallafa bayanin wasu yara 11 da ya lura suna da halaye iri ɗaya: cuɗanya da mutane ba ta jan hankalinsu kamar sauran yara, kuma hankalinsu yana tashi matuƙa idan aka sauya musu tsarin da suka saba. Bayan shekara guda, Hans Asperger ya fitar da nasa bayanin a Vienna game da yara masu iya magana sosai amma masu shan wahala wajen mu'amala. Daga 1994 littafin tantance lalurori na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya lissafa abin da Asperger ya bayyana a matsayin lalura mai zaman kanta, har zuwa 2013 lokacin da bugu na biyar ya haɗe ta da otizim ɗin da Kanner ya bayyana wuri guda a matsayin lalura ɗaya mai fuskoki da matakai. Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai kallo, domin fim ɗin da aka yi kafin 2013 yana iya cewa jaruminsa yana da lalurar Asperger, kuma a ma'aunin yau otizim ke nan.

Ma'aunin yana tsaye ne a kan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne wahala a sadarwa da zamantakewa, kuma ana buƙatar a ga abubuwa uku gaba ɗaya: wahalar musayar zance da motsin rai, irin ba-ni-in-ba-ka da hira take buƙata, wahalar amfani da abin da ba a faɗa da baki, kamar kallo da yanayin fuska da nuni da hannu, da kuma wahalar ƙulla dangantaka da riƙe ta. Ginshiƙi na biyu ya ƙunshi abubuwa huɗu, kuma ana neman aƙalla biyu daga cikinsu: maimaita motsi ko magana, kamar kaɗa hannu ko jijjiga jiki ko nanata jimlar da aka ji; nacewa kan tsari guda ba tare da sauyi ba; sha'awa mai tsanani da ta taƙaita kan wani abu; da kuma jin ƙara ko haske ko taɓawa ko wari fiye da kima, ko ƙasa da kima. A bayan waɗannan akwai sharuɗɗa biyu da masu muhawara kan taurari suka fi mantawa da su, alhali su ne suke raba gardama. Dole halayen su kasance tun ƙuruciya, kuma dole a ce suna jawo wa mutum cikas na gaske a rayuwarsa ta yau da kullum.

Tattara shaida daga cikin labarin

Bayan an riƙe ma'aunin, sai a koma ga littafin ko fim ɗin da takarda da biro, a raba takardar gida biyu daidai da ginshiƙan nan, a riƙa rubuta kowace fitowa da ta nuna wani hali, tare da abin da ya faru kafin halin ya bayyana da abin da ya biyo bayansa. Wannan na ƙarshen shi ne aikin, domin hali ɗaya yana iya fitowa daga tushe goma. A ce a wani labari jarumi ya tashi ya bar wurin biki da zarar an kunna kiɗa. Mai yiwuwa ne ra'ayinsa na addini ne bai yarda da kiɗan ba, mai yiwuwa ne ya hango wanda suke 'yar tsama da shi, kuma mai yiwuwa ne ƙarar ce take shiga kansa kamar ana soka masa allura. Hanyar ganewa ita ce a bincika sauran labarin, a ga yadda yake yi idan maƙwabci ya tayar da janareta, ko idan ya bi ta kusa da injin markaɗe, ko idan ya shiga tsakiyar kasuwa. In har marubuci ya nuna shi yana toshe kunne a duk waɗannan wurare, an sami abin rubutawa a gida na biyu, amma in kiɗan biki kaɗai yake gudu, to bayanin yana wani wurin.

Mai karanta littafi yana da wata dama da ko likita ba shi da ita, domin marubuci yakan buɗe masa zuciyar tauraro ya ji abin da yake saƙawa. Ya kamata a ci moriyar wannan dama sosai. Idan jarumi ya yi shiru a cikin taro, a duba abin da labarin ya ce yana tunani a lokacin: raina mutanen wurin yake yi, ko tsoronsu yake ji, ko kuwa ƙoƙari yake yi ya gano lokacin da ya dace ya sa baki amma kafin ya gano zancen ya wuce shi? Na ukun ne ya fi kusa da abin da masu otizim da kansu suke bayyanawa. A fim kuwa babu wannan taga sai in akwai muryar mai ba da labari, saboda haka sai a dogara ga abin da ido ya gani, tare da tuna cewa wani abin zaɓin ɗan wasa ne kawai, ba ya cikin rubutun labarin.

A tace shaidar da rariyar al'ada

Nan ne mai karatu Bahaushe ya kamata ya fi yin taka-tsantsan, domin jerin alamomin da ake yaɗawa an fi tsara su ne bisa zamantakewar Turai da Amurka, inda kallon mutum cikin ido yake nuna gaskiya da kulawa. A ƙasar Hausa yaron da ya tsaya ya zuba wa babba ido yayin da ake masa magana shi ake kira marar kunya, wanda ya durƙusa ya sunkuyar da kai kuwa shi ne mai tarbiyya. Amarya takan yi kwanaki muryarta ba ta fita a gidan miji, suruki ba ya sakewa a gaban surukansa, kuma uwa takan kauce wa kiran sunan ɗanta na fari ko nuna masa so a bainar jama'a. Wanda ya ɗauki jerin alamomi ya ɗora a kan irin waɗannan fitowa zai ƙare da cewa rabin taurarin adabin Hausa suna da otizim.

Maganin wannan shi ne a bi tauraron zuwa inda kunya ba ta da hurumi. A duba shi cikin sa'o'insa a majalisa, ko tare da ƙannensa, ko a gaban kakarsa da abokan wasansa, inda al'ada da kanta ta ba da izinin tsokana da sakewa. Mai kunya da ladabi yana shiga irin wannan wuri sai ya zama wani mutum, baki ya buɗe, ba'a ta kankama. In kuwa a can ma bai san yadda ake karɓar tsokana a mayar ba, yana ɗaukar wasan kaka da jika a matsayin magana ta gaskiya har ransa ya ɓaci, to wannan shaida ce mai nauyi.

Da wannan rariya ce miskilin littattafan soyayya yake faɗuwa a mafi yawan lokuta. Idan aka lura da kyau za a ga cewa ya san dokokin zamantakewa sarai, ƙin bin su kawai yake yi, ko don jin kai, ko don sarauta da dukiya, ko don wani rauni da wata mace ta taɓa yi masa a baya. Yana iya hango kishi a fuskar jaruma daga nesa, ya iya habaici mai ratsa ƙashi, kuma ya san kalma ɗaya da zai faɗa ya hana mutum barci. Mutumin da yake karanta fuskoki haka bai cika sharaɗin ginshiƙi na farko ba. Ƙari a kan haka, miskilancin nasa yakan narke a babin da soyayya ta kama shi, ya koma mai zuba kamar kanya, alhali otizim yanayi ne da mutum yake rayuwa da shi har tsufa. Masu otizim suna so, suna aure, suna haihuwa, kuma suna koyon dabarun zama da mutane, amma ƙaunar wata ba ta sauya yadda kunnensu yake jin ƙara. Yana da kyau a ƙara da cewa shiru ba ya cikin sharuɗɗan lalurar ko kaɗan, domin wasu masu otizim in aka taɓo abin da suke sha'awa sukan yi ta bayani har mai sauraro ya gaji ba su lura ba.

Gwajin gatse

Akwai wani gwaji da harshen Hausa ya sauƙaƙa mana, shi ne yadda tauraro yake ɗaukar maganar da ba a nufin zahirinta. Uwa ta ga yaro yana ɓarnar ruwa sai ta ce masa, "Yauwa, ci gaba da zubarwa, ai rijiya ce da mu a ɗaka." Yawancin yara daga muryarta kaɗai za su ajiye moɗa, amma yaron da yake ɗaukar magana a kan zahirinta zai ci gaba da zubarwa, sannan ya rasa dalilin da ya sa aka yi masa faɗa bayan umarni ya bi. Gatse da habaici da karin magana duk suna buƙatar mai ji ya tsallake kalmomin ya kamo nufin mai magana, kuma wannan tsallakawa tana yi wa masu otizim da yawa wuya.

Fim ɗin Indiya na My Name Is Khan, wanda ya fito a 2010, an gina shi ne kacokan a kan wannan hali. Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Rizwan, wanda fim ɗin ya faɗa a fili cewa yana da lalurar Asperger. Bayan an kashe ɗan matarsa Mandira, sai ta ce masa cikin zafin rai ya je ya gaya wa shugaban Amurka cewa sunansa Khan kuma shi ba ɗan ta'adda ba ne. Magana ce ta wadda baƙin ciki ya rufe wa ido, irin wadda kowa zai gane cewa kora ce, amma Rizwan ya ɗauke ta a matsayin sharaɗin komawarsa gida, ya saɓa jaka ya shiga bin shugaban ƙasa gari-gari. Idan aka cike takardar nan da wannan fim za a ga gidajen biyu sun cika: an nuna ƙuruciyarsa a Indiya da halayen tun a lokacin, ba ya son runguma, ƙara mai ƙarfi da launin rawaya suna firgita shi, kuma halin nasa ya jawo masa tsarewa da tuhuma. Ana iya sukar fim ɗin da cewa ya ƙawata abubuwa irin yadda finafinan Indiya suka saba, amma ta fuskar ma'auni ya cika sharuɗɗa.

Tarkon baiwa

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗaukar baiwa ta ban mamaki a matsayin alama, kuma tushensa a fim sananne ne. A Rain Man na 1988, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, Dustin Hoffman ya fito a matsayin Raymond, mai lalurar otizim. A wata fitowa a gidan abinci, kwalin tsinken sakace ya zube a ƙasa, Raymond ya kalle su sau ɗaya ya ce 246 ne. Aka ce masa ai kwalin na 250 ne, sai ma'aikaciyar ta duba ta ga saura huɗu a ciki. Wannan fitowa ce ta zauna a zukatan masu kallo, har aka wayi gari duk tauraron da ya iya lissafi ana yi masa kallon mai otizim. Abin lura shi ne, baiwa ba ta cikin ma'aunin likitoci sam, kuma kaɗan ne daga cikin masu lalurar suke da irinta. Mutumin da marubucin fim ɗin ya samo tunanin labarin daga gare shi, Kim Peek, wanda ya haddace dubban littattafai, binciken da aka yi masa ya nuna cewa an haife shi ne babu jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, kuma masana daga baya sun karkata ga cewa lalurarsa wata ce daban.

Ainihin alamomin Raymond suna cikin fitowar da ba a cika tunawa da su ba: yadda dole sai ya kalli wani shirin talabijin a kan lokacinsa ko da a tsakiyar tafiya ne, yadda yake nanata wata hirar barkwanci da ya haddace duk lokacin da ya shiga damuwa, da yadda ya birkice yana bugun kansa sa'ilin da na'urar gargaɗin hayaƙi ta fara ƙara. Saboda haka idan ana tantance tauraro mai baiwa, a rufe baiwar da tafin hannu a duba abin da ya rage. In abin da ya rage mutum ne mai izza da rashin haƙuri da waɗanda ba su kai shi ilimi ba, to ba a sami komai ba tukuna.

Haka kuma a tabbata an kawar da sauran bayanai kafin a tsaya kan otizim. Yaron da ke cikin Taare Zameen Par na 2007 yana keɓe kansa kuma yana faɗuwa a makaranta, har wasu masu kallo suke ɗauka otizim ne, alhali fim ɗin ya bayyana cewa lalurar wahalar karatu da rubutu ce take damunsa. Kurumta, da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali, da tsananin damuwa, da raunin fahimta, duk suna iya sa tauraro ya janye daga mutane. Wawan da ake sakawa a finafinan barkwanci, mai faɗin abin da bai kamata ba a gaban surukai, galibi an ƙirƙire shi ne don a yi dariya, kuma halayensa suna sauyawa daga fitowa zuwa fitowa gwargwadon abin da zai ba da dariyar, don haka babu wani tsari da za a bi a auna shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a kula da taurari mata, domin alƙaluman Amurka suna nuna ana gano lalurar ga yara maza fiye da ninki uku na mata, kuma masana da dama suna ganin cewa 'yan mata sukan koyi kwaikwayon sauran mutane har su ɓoye halin. Ga jaruma mace, shaidar takan kasance a abin da take yi bayan baƙi sun tafi ta rufe ƙofa.

Abin da marubuci ya ce, da yadda za a faɗi sakamako

Mataki na ƙarshe shi ne a nemi abin da mai labarin ya faɗa, a kuma duba zamanin da ya yi rubutun. Littafin Mark Haddon na 2003, The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, yana da mai ba da labari ɗan shekara 15 mai suna Christopher, wanda ya tsani a taɓa shi, ya tsani launin rawaya da ruwan ƙasa, kuma ya jera babukan littafin da lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Kusan kowane mai karatu yana ganin otizim a tare da shi, amma babu inda aka ambaci sunan lalurar a cikin labarin, kuma Haddon ya faɗa daga baya cewa bai yi bincike a kanta ba kuma shi ba masaninta ba ne. A ganina maganar marubuci tana iyakance abin da za a jingina masa ne kawai, ba ta goge abin da ke kan takarda, domin marubuci yana iya kwaso halayen wani da ya sani ba tare da ya san sunan abin da ya kwaso ba.

Sherlock Holmes, tauraron labaran binciken laifuka, ya fi wannan sarƙaƙiya. Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887 kuma ya rasu a 1930, shekara 13 kafin bayanin Kanner, don haka babu yadda za a ce da gangan ya rubuta shi a matsayin mai otizim. Akwai abin rubutawa a gida na biyu, tun da Holmes ya yi nazari kan tokar taba iri 140 alhali bai damu ya san cewa duniya ce take zagaya rana ba. Amma gida na farko yana da rauni, domin mutumin nan yana ɓad da kama ya zama limamin coci ko mai kula da dawaki ya yaudari kowa, har ya taɓa yin shigar mai gyaran famfo ya nemi auren wata 'yar aiki don ya tatsi bayani daga bakinta.

Da yake tauraron labari ba shi da rayuwa a wajen shafukan da aka rubuta, kuma ba za a iya kiran mahaifiyarsa a tambaye ta yadda yake yana ɗan shekara biyu ba, bai kamata sakamakon ya fito da lafazin likita ba. Wannan hanya ma ta taurarin takarda da majigi ce kaɗai, yaron da ke gida kuwa sai a kai shi wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa. Lafazin da ya dace hawa-hawa ne. Ga irin Rizwan da Raymond sai a ce labarin da kansa ya ambaci lalurar kuma ya nuna ta, sannan a tattauna ko ya nuna ta da adalci. Ga irin Christopher sai a ce alamomin sun cika ginshiƙai biyun duk da marubucin bai sa suna ba. Ga Holmes sai a ce yana da wasu halaye masu kama da na otizim tare da wasu da suke karo da su. Miskilin da ya yi babi ashirin yana amsa gaisuwa da ɗaga hannu, sannan a babi na ashirin da ɗaya ya zauna yana tsara wa amaryarsa kalamai har asuba, shi kam a rubuta masa miskili a rufe littafin.